Mai Barin Gado da Mai Jiran Gado: Sharhi a kan Hausar Zaɓen Gwamnan Jigawa na 2023

Abin da na yi nufi a wannan takarda shi ne in duba irin Hausar da aka ba da labarin zaɓen gwamnan Jihar Jigawa da ita a shekarar 2023, watau Hausar rediyo da ta jaridu da ta dandalin neman ƙuri'a, in kuma auna ta da abin da ya auku a zahiri, musamman a ƙasar Haɗejiya da fadamun koginta. Wanda ya fi cancanta a cikin 'yan takara ba shi ne sha'anina a nan ba. Sha'anina kalmomi ne, gama su ne abin da mu malaman Hausa muke ɗora wa ɗalibanmu, su kuma su je su ɗora wa yara a makarantu, har yaro ya girma yana tsammani yadda aka faɗi abu haka abin yake.

Sai in fara da tuna wa mai karatu yadda al'amarin ya tsaya. Tsarin mulkin 1999 ya hana a zaɓi mutum gwamna fiye da sau biyu, kowane zango shekara huɗu. Alhaji Muhammadu Badaru Abubakar, mutumin Ɓaɓura, ya ci zaɓe a 2015 da 2019, saboda haka a 2023 ba shi da damar tsayawa. Manyan da suka fito neman kujerar su uku ne. Akwai Malam Umar Namadi na jam'iyyar APC, mutumin Kafin Hausa a masarautar Haɗejiya, wanda ya yi kwamishinan kuɗi daga 2015, kana ya zama mataimakin gwamna a 2019. Akwai Alhaji Mustapha Sule Lamiɗo na PDP, ɗan Alhaji Sule Lamiɗo wanda ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Na uku shi ne Malam Aminu Ibrahim Ringim na NNPP, wanda ya riga ya nemi kujerar sau biyu a ƙarƙashin PDP. Dalilin da ya sa mutane suka ɗauka za a yi kankankan kuwa a fili yake. A zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ran 25 ga Fabrairu, APC ta sami ƙuri'a 421,390 a Jigawa, PDP ta sami 386,587, NNPP kuma 98,234. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu 34,803 ce kurum, ga kuma kujerar sanatan Jigawa ta Kudu maso Yamma ta tafi hannun PDP a wannan rana. Duk mai hankali da ya ga wannan lissafi zai ce zaɓen gwamna na iya faɗawa ko'ina.

To, irin wannan takara, wadda babu gwamna mai ci a cikinta, Turawa suna da gajeren suna da suke kiranta da shi, ma'anarsa dai fili a buɗe yake ga kowa. Mu ba mu da shi. Abin da Hausarmu ta labarai take yi in wa'adin gwamna ya zo ƙarshe shi ne ta ce da shi “gwamna mai barin gado”, ta yi ta tambayar wane ne “zai gaje shi”, in an gama ƙidaya kuma ta ce da wanda ya yi nasara “gwamna mai jiran gado”. Waɗannan lafuzza sun bi bakinmu har ba mu jin nauyinsu. Amma in muka tsaya muka saurare su, sai mu ga daga fada suka fito gaba ɗaya. Yarima ne mai jiran gado, sarki ne ke hawa gado, kuma ɗa ne ke gadon ubansa.

A nan akwai wani abu da ya kamata malamin harshe ya tsaya a kansa. Kalmomi biyu ne muke rubutawa da baƙaƙe iri ɗaya, g-a-d-o. Ta farko ita ce abin kwanciya, wadda ta zama karagar sarki: wasalinta na fari gajere ne, kuma gaɓoɓinta biyu duk karin sama suke ɗauke da shi. Ta biyu ita ce abin da mamaci ya bari: wasalinta na fari dogo ne, murya kuma tana sauka a gaɓa ta biyu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, da yake yana nuna tsawon wasali da karin sauti, ya raba su sarai. Rubutunmu na boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya, saboda haka wanda ya karanta “mai jiran gado” a takarda ba shi da abin da zai gaya masa ko karaga ake jira ko rabon dukiya. Masu karanta labarai a rediyo ta farkon suke faɗi, kuma ita ce daidai. Sai dai kuma ko wacce aka ɗauka ba a fita daga gidan sarauta ba, domin jimlar da ke biye kusan kullum tana ɗauke da “magaji” ko “gaje”, waɗanda daga ta biyun suka tsiro. Kalmomin nan biyu, da ba su haɗa asali ba, sun haɗu a kan takarda suna ƙarfafa juna.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce kowane harshe yana da irin waɗannan kwatance da suka daɗe har suka mutu, mai faɗinsu ba ya tuna asalinsu; wanda ya ce “bakin kogi” ai ba haƙora yake nema ba. Haka ne. A yawancin zaɓe ma ina jin “mai barin gado” ba ta cutar da kowa. Amma kwatancen da ya mutu yakan farka in ya tarar da abin da ya yi kama da asalinsa, kuma abin da ya faru a Jigawa ke nan. Manyan 'yan takara biyu, ɗaya mataimakin wanda zai sauka ne, ɗaya kuma ɗan wanda ya riga ya sauka. Harshen da ya saba da maganar magaji sai ya sami abin da yake so a shirye: ga na gida wanda uban gida ya ɗaga hannunsa, ga kuma ɗan tsohon mai gida ya zo neman kujerar mahaifinsa. Har laƙabin da aka fi kiran ɗan takarar PDP da shi, watau Santuraki, sunan sarauta ne ta masarautar Dutse. Da haka labarin ya koma labarin gidaje biyu, na Badaru da na Lamiɗo, kamar su ne suke takarar, 'yan takarar kuwa wakilai ne.

Wannan bai yi wa ko ɗaya daga cikinsu adalci ba. A doka mataimakin gwamna ba ya hawa kujera sai in gwamna ya rasu, ko ya yi murabus, ko an tsige shi, ko ya kasa aiki, a cikin wa'adinsa. In wa'adi ya cika, shi da kowane ɗan jiha daidai suke. Ɗan tsohon gwamna kuma ba shi da wani haƙƙi da ya ɗara na wani, ba a kuma rage masa kome ba don ubansa ya yi mulki. Kalmar da ta dace da wannan hali tana nan a harshenmu, ita ce “wa'adi”, wadda muka aro daga Larabci tun da daɗewa, muna amfani da ita ga bashi da jinga da alkawari. Sarauta ba ta da wa'adi sai na ajali. Gwamna kuwa da wa'adi aka ɗauke shi, kamar yadda ake ɗaukar ma'aikaci. Da za a ce “gwamnan da wa'adinsa ke ƙarewa”, a ce da ɗayan “zaɓaɓɓen gwamna”, an faɗi gaskiyar abin ba tare da an ƙirƙiro sabuwar kalma ko ɗaya ba. Ta biyun ma ana jinta a rediyo, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da “mai jiran gado”, kamar ma'anarsu ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne da harshe ya kama wannan hanya, in muka tuna tarihin kalmar “gwamna” kanta. Ta shigo mana da Turawa a farkon ƙarni na ashirin, tana nufin wanda Sarkin Ingila ya aiko, irin su Gwamna Lugga. Bayan mulkin kai aka naɗa Sir Kashim Ibrahim gwamnan Jihar Arewa a 1962, naɗi ba zaɓe ba. Da aka yanka jihohi a 1967 ƙasar Haɗejiya ta faɗa cikin Jihar Kano, gwamnanta na farko Audu Bako, shi ma gwamnatin soja ce ta naɗa shi. Sai a 1979, da aka zaɓi Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin Haɗejiya ya fara jefa ƙuri'a don ya ce ga wanda yake so ya zama gwamna. Ke nan kalmar ta yi sama da shekara saba'in a bakin Bahaushe tana nufin wanda aka ɗora masa daga sama, kafin ta soma nufin wanda ya ɗauka da hannunsa. Maganar rikicin magada kuma Haɗejiya ta san ta tun kafin Turawa: a tsakiyar ƙarni na goma sha tara Buhari ɗan Sambo ya yi jayayya da ɗan'uwansa Ahmadu, wanda Sakkwato ta goya wa baya, ya karɓe gadon da ƙarfi, ya riƙe har ya rasu a 1863. Kunnen da ya tashi da jin wannan labari ba zai sha wuya ba wajen sa kowace takara a cikin wannan ƙira.

Haka nan “ƙuri'a”. Asalinta a Larabci abin da ake jefawa ne don a raba gardama in haƙƙi ya zo daidai, kuma malaman fiƙihu sun san ta a babin rabon dukiya tsakanin masu tarayya, har da magada. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa, rabonsa ne ya rantse. Babu wanda ya zaɓe shi. Da zaɓen zamani ya zo a shekarun 1950 sai aka ɗauki wannan kalma aka ba takardar da mutum yake nuna ra'ayinsa da ita. Ba na cewa a sake ta, ta riga ta zauna, kuma ba ni da wadda ta fi ta. Amma ya kamata malami ya sani cewa tana ɗauke da ƙanshin sa'a, kuma shi ya sa “rabo” take saurin biyo ta. Babu Musulmin da zai yi musun cewa Allah ne mai ba da mulki ga wanda ya so. Sai dai malamanmu ba su taɓa koya mana cewa ƙaddara tana kore sababi ba, sababin zaɓe kuwa shi ne mutumin da ya bi layi ya dangwala yatsa.

Wannan mutum shi ne ya ɓace a kashi na biyu na Hausar da nake sharhi a kai, watau Hausar sakamako. In mai karatu ya tattara aikatau da ake ba da labarin nasara da su, zai ga kusan duka daga fagen kokawa da dambe da yaƙi suke: wane “ya kara” da wane, “sun fafata”, “ya kayar da shi”, “ya doke shi”, “ya sha kaye”, “ya faɗi”. Neman ƙuri'ar ma “yaƙin neman zaɓe” muke ce masa, waɗanda ba su riƙe da gwamnati kuma “'yan adawa”, alhali adawa a Larabcinta ƙiyayya ce tsantsa. A kowace jimla daga cikin waɗannan ɗan takara ne mai aiki, abokin hamayyarsa ne wanda aikin ya faɗa wa. “Ya ci zaɓe” ma, wadda ta fi kowacce sauƙi, ƙanwar “ya ci sarauta” ce da “ya ci gari”. A kokawa 'yan kallo ba su da hannu a faɗuwa, iyakarsu shewa. To, harshen da ya mai da zaɓe kokawa ya mai da masu zaɓe 'yan kallo ke nan.

Bari mu gwada wannan da lissafin ran 18 ga Maris, ranar da aka yi zaɓen gwamna bayan an ɗaga shi da mako guda. Malam Umar Namadi ya sami ƙuri'a 618,449, Alhaji Mustapha Lamiɗo 368,726, Malam Aminu Ringim 37,156. Tazarar da take 34,803 a watan Fabrairu ta zama 249,723 cikin mako uku. Wanda ya ji an ce ɗan takarar PDP “ya sha kaye” zai zaci ƙarfinsa ne ya ƙare, magoya bayansa suka watse. Lissafi bai nuna haka ba. Abin da PDP ta rasa tsakanin zaɓen biyu bai kai dubu goma sha takwas ba. Kusan a inda take ta tsaya. NNPP ce ta ragu da wajen dubu sittin da ɗaya. APC kuwa ta ƙaru da wajen dubu ɗari da casa'in da bakwai. Ko an ɗauki duk abin da jam'iyyun nan biyu suka rasa an zuba wa APC, da sauran sama da dubu ɗari da ba a san inda suka fito ba, in ba a ce mutanen da ba su jefa wa ko ɗaya daga cikin ukun ba a Fabrairu ne suka fito a Maris. Watau abin da ya sauya sakamakon motsin masu zaɓe ne: wasu sun sake shawara, wasu da yawa sun taso daga gida. Babu aikatau ko ɗaya na fagen kokawa da zai iya ɗaukar wannan labari, domin a kokawa ba a taɓa jin 'yan kallo sun shigo fili sun yanke hukunci ba.

Wata kalmar da ta lalace a hannunmu ita ce “lashe”. Mai lashe tuwo bai bar kome a akushi ba. Yanzu kuwa kowa lashewa yake yi, ko da ƙuri'a goma ya tsira. A wannan rana ta 18 ga Maris, a maƙwabciya Kano, inda nan ma wa'adin gwamna ne ya ƙare, Abba Kabir Yusuf, wanda ya tsaya a NNPP, ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC, mataimakin gwamna, ya sami 890,705. Tazarar 128,897 ce a cikin ƙuri'u kusan miliyan biyu, kuma ba ta kai yawan ƙuri'u 165,663 da kotun ƙarar zaɓe ta soke a watan Satumba ba. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 12 ga Janairu 2024 kana kujerar ta tabbata ga Abba. Ga zaɓen da aka sha da ƙyar, ga kuma na Jigawa da aka ba da rata mai faɗi, amma aikatau ɗaya muke ba su. Hausa ba ta rasa ma'auni ba: tana da “kunnen doki”, da “kankankan”, da “ya tsallake da ƙyar”, da “rinjaye”, da “fintinkau”. Ragwancin mai rubutu ne ya bar su a rataye.

Don kada a ce ban ga alheri ba, akwai lafuzzan siyasa da Hausawa suka ƙaga waɗanda ba ni da abin cewa a kansu sai yabo. “Zaɓen fid da gwani” ta fi takwararta ta Turanci bayyana abin da ake yi. “Sauya sheƙa” ta kama halin ɗan siyasa da tsuntsu ɗaya. Amma wadda ta fi burge ni ita ce “wake da shinkafa”, da ake faɗa wa mai zaɓen da ya ɗauki wannan jam'iyya a kujera kaza, ya ɗauki waccan a wata, kishiyar “sak”. Daga madafa ta fito, kuma ita kaɗai ce a cikin duk waɗanda na ambata take sa mai zaɓe a mazaunin mai girki, 'yan takara su zama kayan haɗi. Abin lura kuma, talakawa ne suka ƙaga ta, 'yan siyasa kuwa yawanci da tsoro suke ambatonta. Ita ce kuma ta fi kusa da bayyana abin da lissafin Fabrairu da Maris ya nuna.

Yanzu sai mu gangara Haɗejiya, mu ga abin da jimla za ta ƙunsa in an mai da mai zaɓe mazauninsa na mai aiki.

Abu na farko da kowa ya sani shi ne maganar juyi. An kafa Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, aka sa hedkwata a Dutse, abin da bai yi wa mutanen Haɗejiya daɗi ba, har neman jihar kansu ya daɗe yana tashi yana kwantawa. Masarautu biyar ne a jihar: Haɗejiya, Gumel, Kazaure, Dutse da Ringim. Gwamnonin farar hula da aka yi kafin 2023 su ne Ali Sa'adu Birnin Kudu, da Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure, da Sule Lamiɗo na Birnin Kudu, da Badaru na Ɓaɓura. Masarautar Haɗejiya, mai ƙananan hukumomi takwas, watau Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, ba ta taɓa fitar da gwamna ba cikin shekara talatin da ɗaya da 'yan watanni. Kalmar da ake yi wa wannan ita ce “karɓa-karɓa”, kuma a bakin jama'a takan taƙaita ta zama “namu”. Ba na raina ta. Ƙorafin wanda aka daɗe ana tsallakewa ƙorafi ne na gaskiya. Amma a lura, ita ma maganar rabon gado ce, an dai faɗaɗa gidan ne: maimakon 'ya'yan sarki, masarautu ne suke jiran a zo kansu. Kuma dokar zaɓe ta sa “namu” ba ta isa ita kaɗai ba, gama sai mutum ya fi kowa yawan ƙuri'a, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, watau 18 daga cikin 27. Takwas ba su kai ba. Wanda ya ci a 2023 da ƙuri'un mutanen da ba “nasu” ba ne ya ci.

Abu na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne talaucin Hausarmu ta siyasa ya fi fitowa. Sunan jihar kansa sunan ƙasa ne: jigawa ita ce tudun rairayi da ruwa ba ya kwanciya a kai, kishiyar fadama. Mutanen Auyo da Guri da Kiri Kasamma da Kafin Hausa a tsakanin waɗannan biyu suke rayuwa, gero a jigawa, shinkafa da kifi da kiwo a fadama. Kogin Haɗejiya daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa yake tasowa, ya bazu a cikin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Cikowarsa ta kowace damina ita ce arzikin wannan ƙasa tun asali. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sake: cikowar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya daina yankewa. Ruwan da ba ya bushewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tara laka, har ruwa ya kasa bin inda ya saba, ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, wasu kuma a can ƙasa su rasa ko na ban ruwa. A cikinta kuma tsuntsaye jan-baki suke kwana, su wayi gari a kan shinkafa. In aka yi damina mai nauyi irin ta 2022, watanni kaɗan kafin zaɓe, sai ruwa ya ci garuruwa da gonaki, mutanen birnin Haɗejiya su kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga.

Manomin fadama yana bambanta waɗannan duka a maganarsa. Ya san ruwan da ya zo a kan kari da wanda ya yi sammako, ya san wanda yake ja ya bar danshi a shuka, da wanda ya zauna ya ruɓar da ƙasa. Hausar labarai da ta dandali kalma ɗaya ta tanada musu duka, “ambaliya”, kuma da an ambace ta sai 'yan rakiyarta su biyo: “iftila'i”, “jaje”, “tallafi”, “kayan agaji”. Harshen da yake da aikatau goma na kayar da abokin hamayya, suna ɗaya yake da shi ga abin da ke ci wa mai zaɓe tuwo a ƙwarya. Kuma 'yan rakiyar nan su ma na fada ne. Jaje da kyauta su ne abin da babba yake kai wa talaka in masifa ta sauka. Ba su buɗe ƙofar tambayar wane ne ya saki ruwan, yaushe, da shawarar wa.

Tambayar nan kuwa ita ce ainihin maganar. Madatsun biyu a cikin Jihar Kano suke, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce take kula da su, hukumar gwamnatin tarayya, mai hedkwata a Kano. Aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda Shugaba Buhari ya buɗe a farkon 2023, shi ma na tarayya ne. Gwamnan Jigawa, ko daga wace masarauta ya fito, ba ya riƙe da makullin Tiga. Abin da ke hannunsa shi ne yashe hanyoyin ruwa da cire kacala, da gina jinga, da hana gini a kan magudana, da zama da Kano da Yobe da Bauchi da hukumar tarayya a kan lokacin sakin ruwa. Mai zaɓen da aka koya masa cewa sarki yake naɗawa zai sa ran gwamna ya tsai da kogi da umarni, in kogi ya ƙi tsayawa ya ce an ci amanarsa. Wanda ya san ma'aikaci mai wa'adi ya ɗauka zai tambayi kilomita nawa aka yashe bana, a kuma wane reshe.

Na taɓa ba ɗalibaina wani ɗan aiki a aji. Na rubuta musu jimla irin ta labarai, cewa wane ya lashe zaɓen gwamna bayan ya kayar da wane, na ce su sake rubuta ta yadda masu zaɓe za su zama su ne masu aikin. Da yawa suka rubuto “an zaɓi wane”, watau suka gudu zuwa lamirin da ba ya nuna kowa. Da na matsa, sai aka sami “mutanen Jigawa sun zaɓi wane”, nan take kuma wata ɗaliba ta ce ai ba duka ba ne. Daga nan aka shiga tambayar su nawa, na ina, me ya fito da su, waɗanda ba su zaɓe shi ba kuma me suke so. Kafin a tashi sai da muka koma kan lissafin Fabrairu da na Maris muka yi ta ragi da tarawa a allo. Jimlar farko ba ta jawo ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba. Ina ba malaman kwalejojin horon malamai shawara su gwada wannan da ɗalibansu, da labarin kowane zaɓe da ke hannunsu, sa'an nan su sa su yi irinsa da labarin ambaliya, su nemo wanda ya yi aikin a cikin “an saki ruwa”.